Senti ɗaya ta 1943

Jiya na zazzage gwangwanin tsofaffin sulallan senti ɗaya da na saya a kasuwar gwanjo a nan Amurka. Ina cikin tsinta sai ga ta 1943, kuma ja! Gabana ya faɗi. A shekarar nan da baƙin ƙarfe aka buga senti, saboda yaƙin duniya na biyu ya cinye jan ƙarfe. Ƙalilan ne suka fito da tagulla bisa kuskure, har an taɓa sayar da ɗaya sama da dala miliyan.

Wallahi har na fara gina gida a zuci. Uwargida ta ciro mayen ƙarfe daga jikin firji ta ɗora, sai ta manne caraf. Ashe rina ta aka yi. Har yanzu dariya take min.