Siginar da ke kunnuwa a makare

Yanzu da na bar aikin tsara hanyoyin mutum-mutumi masu jigilar kaya a sito, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taƙaddamarmu da shugaban sashe kan siginar kwana. Ƙa'idar ISO 3691-4, wadda ta fito a 2020, ta tanadi cewa motocin kaya marasa direba su gano mutum su tsaya, kuma namu suna yin hakan da na'urar leza da ke gabansu: idan mutum ya shiga fili na farko su rage gudu, idan ya shiga na biyu su tsaya cak. A wurin shugaban, magana ta ƙare ke nan. Don a ƙara yawan kayan da ake fitarwa, ya sa aka cire ɗan jiran da suke yi da fitila a kunne kafin su juya, ta koma tana kunnuwa daidai lokacin da tayoyi suka fara kwana.

Na rubuta masa cewa wanda ya rungumo kwali yana buƙatar sanin inda abin ya nufa tun kafin ya motsa, domin direba ana karanta idonsa da hannunsa, wannan kuwa ba shi da ko ɗaya. Na kawo masa aikin da Anca Dragan, mai bincike kan mutum-mutumi, ta yi a 2013 a Jami'ar Carnegie Mellon, inda ta nuna cewa motsin da ya fi sauƙi ga na'ura ba lallai ne ya bayyana wa mai kallo manufarta ba. Ya ce mu ba jami'a ba ne.

Ranar da wata ma'aikaciya ta firgita ta ja da baya har kaya suka zubo mata, rahoton ya ce na'urar ta tsaya yadda aka tsara, saboda haka sakacin nata ne. Ba a ambaci takardata ba. An dawo da jiran daga baya a matsayin shawarar shugaban, ita kuwa ma'aikaciyar, takardar gargaɗin da aka ba ta tana nan a fayil ɗinta, abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga wanda zai gaje ni: hasken da ake jefawa a ƙasa, irin koren da Proteus, mutum-mutumin sito na kamfanin Amazon, ya zo da shi a 2022, ya fi fitilar jiki amfani, domin mai ɗauke da kaya ƙasa yake kallo. Ƙararrawar da ba ta yin shiru kuwa, kunne kan daina jin ta.