Shekara ta biyu ina bin talotalon daji: ga inda na kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Na yi alkawarin rubuta muku abin da na gani a dawa bana, to ga shi, ko da yake tukunyata har yau ba ta ga nama ba. Yau Asabar, kwana 13 da buɗe farauta a nan jihar Mizuri ta Amurka, saura kwana 8 a rufe. Ana buɗewa ne ran Litinin ta uku a watan Afrilu, a yi mako uku cif. Sau huɗu na shiga daji, kuma duk fita ɗaya sai na dawo da abin da zan ba kaina haushi a kai.

Ga waɗanda bana ne farkonsu, ku fara cire hoton talotalon gida daga ranku, wannan mai tafiya kamar an ɗaura masa dutse. Na daji dogo ne, baƙi-baƙi mai sheƙi, yana gudu, yana tashi, a kan bishiya yake kwana. Toron da ya ƙosa yakan kai kilo tara ko goma. Shi kaɗai doka ta yarda a harba a wannan lokaci, ko duk wanda aka ga gemu a ƙirjinsa. Babu kare, babu zuba hatsi, babu kunna kukan da aka naɗa a waya. Kai ne da bindigarka mai watsa ƙwayoyin harsashi da abin kira, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa ƙarfe 1 na rana in a dajin gwamnati kake. Wanda ya saba da farautar gida, ta gayya da karnuka da gora da ihu, sai ya ajiye ta a bakin daji. Wannan aikin maharbi ne, mutum ɗaya a gindin itace.

Ranar buɗewa na kwana a tsaunukan Ozak tare da dattijon da ke koya mini, wani Bature da muka yi aiki tare kafin ya yi ritaya. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Na yi sallar asuba a gefen mota, sanyi na ratsa safa, don abin da suke kira bazara a nan ba shi da haɗi da tamu mai gumi. Muka hau tudu cikin duhu ba tocila. Da muka kai ƙololuwa Baba ya haɗa hannu a baki ya yi kukan mujiya. Kafin ya rufe baki sai wani toro ya ɓarke da kuka daga ƙasan kwari, gulu-gulu-gulu, har na ji shi a ƙirjina. Haka ɗabi'arsu take a wannan wata, duk wata ƙara ta ba-zata, mujiya ce, hankaka ne, tsawa ce, ko ƙofar mota aka buga, sai su amsa ba shiri. Da haka ake sanin bishiyar da ya kwana ba tare da an yi masa kukan mace ba.

Muka matsa har kusan yadi 150 muka zauna. Da gari ya fara wayewa na ji fuka-fukai, ya sauko. Na ɗauko akwatina. Ga wanda bai riƙe shi ba tukuna: ɗan akwati ne na katako mai tsawon taki guda, da murfi da ake goga wa alli, in ka ja murfin a kan leɓensa sai ya fitar da kukan mace, kyau-kyau-kyau. Na ja, ya amsa. Na sake ja, ya sake amsawa, yana ƙara matsowa. Wallahi daɗi ya kama ni. Na yi ta ja kamar mai goge a gidan biki. Ya zo ya tsaya bayan wani ɗan tudu, yadi 70 ko fiye, ina hango saman wutsiyarsa a baje kamar mafici, yana kai yana kawowa. Minti arba'in yana nan bai ƙara taku ɗaya ba. Daga nan ya yi shiru, ya naɗe wutsiya, ya tafi abinsa.

A hanyar komawa Baba ya yi mini bayanin da ya kamata in gane tun bara. A al'adarsu, namiji ne ke tsayawa ya yi kuka ya baje wutsiya, mace ta taka ta je wurinsa. Mu kuma muna so mu juya lamarin, shi ya taso ya zo. Duk lokacin da na amsa masa, ce masa nake yi ina nan, ina ɗoki, ina tafe. To me zai sa ya wahalar da kansa? Da na yi shiru bayan kira na biyu, da shakka ta kama shi, ya zo ya leƙa ko ta tafi. Ya ƙara da cewa wurin zaman ma na yi kuskure. Na zauna inda toron zai iya hango gindin bishiyata daga nesa, ya duba bai ga mace ba, ya san da walakin. Kamata ya yi in zauna kusa da leɓen tudun, yadda duk sa'ad da ya ɗago kai don ya gani, ya riga ya shigo tazarar harbi.

Tazarar nan kuwa kada kowa ya ƙiyasta ta da ido a ranar. Tun a watan Maris na je filin gwaji na manna takarda mai hoton kai da wuyan talotalo, na harba daga yadi 20, 30, 40. A 40 ƙwayoyin sun fara warwatsewa, akwai gurbin da kan tsuntsu zai wuce lafiya lau. Saboda haka na yanke wa kaina 35. Kai da wuya ake nema. Jikinsa gashi ne mai kauri a kan ƙashi, in ka harbe shi a nan sai ya tafi da rauni ya mutu a inda ba za ka same shi ba, ka ɗauki alhaki a banza.

Fita ta biyu ruwa aka wuni ana yi, ban ji ko tari ba. Abin da na samu shi ne sawu. A ƙarƙashin itatuwan ok na tarar da ganye an tone shi wuri-wuri, kamar yadda kaji ke yi a bola amma faɗinsa ya kai faranti. Na ga kashinsu ma: na namiji dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, na mace a dunƙule yake. Na sa alama a taswirar waya, na koma gida na cire kaska biyar daga ƙafata. Ku fesa wa tufafinku maganin kaska kwana ɗaya kafin fita, ku cusa ƙafar wando cikin safa. Akwai wata mai farin ɗigo a baya da cizonta kan sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama. Bahaushe a hana shi tsire da kilishi, ai an gama da shi.

Ta uku ce ta fi ci mini rai. Na koma inda na ga tonon, ni kaɗai. Na jingina da itacen da ya fi kafaɗuna faɗi, na ɗora bindiga a gwiwa, na yi kira uku a hankali, na tura akwatin cikin jaka don kada hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na zauna. Ƙarfe bakwai ta wuce, takwas ta wuce. Ƙafata ta hagu ta mutu. Wajen tara da rabi na ji ganye na ƙara a bayana ta dama, taku biyu, shiru, taku biyu, shiru. Sai kuma wani sauti mai zurfi kamar an taɓa ganga a cikin ɗaki, wanda toro ke yi in ya kumbura. Ko sau ɗaya bai yi kuka ba. Ta gefen ido na gan shi, bai fi yadi 15 ba, kansa fari da shuɗi, wuyansa jawur, gemu na reto. Bindigata kuwa hagu take kallo. Abin da ya dace shi ne in daskare har sai ya shiga bayan wata bishiya ko ya juya wutsiya ta rufe masa ido, sannan in juya. Na san haka, na karanta, an faɗa mini. Amma zuciya ta ce yi maza. Ban matsar da bakin bindigar ya kai taki ɗaya ba, ya ce "fut!", ya miƙe wuya, kafin in ɗora yatsa a kunama ya sa itatuwa uku tsakanina da shi.

Idonsu a gefen kai yake, suna ganin launi, kuma motsi komai ƙanƙantarsa ba ya wuce su. Hanci ne ba su da shi sosai, shi ya sa ba ruwanka da inda iska ke kaɗawa kamar a farautar barewa. Wannan zuwan na hantsi ma ba banza ba: in lokacin farauta ya yi nisa, mata kan bar toro da safe su tafi sheƙa, su yi ƙwai goma zuwa sha biyu, su kwanta a kai kwana 28. Shi kuma ya rage shi kaɗai yana yawo. Mafarautan da ke tattara kaya ƙarfe takwas su tafi karin kumallo suna bar mana daji a lokacin da ya fi kyau.

Wani a cikinku ya tambaye ni game da masu ɓuya a bayan busasshiyar wutsiyar toro suna rarrafe har su isa gare shi. Na gani, kuma ya tuna mini da maharbanmu da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya su shiga cikin namun dawa. Dabara ɗaya ce. Amma maharbin gida ba shi da wasu mutum biyar a dajin, kowa sanye da kayan ganye, kowa na jiran ya ga wutsiya. A dajin gwamnati ni ba zan yi ba. Haka kuma ba na sa ja ko fari ko shuɗi, ko da hankici ne, don launin kan toro ke nan. In ka ga wani mafarauci ya nufo ka, kada ka ɗaga hannu, yi magana da ƙarfi da muryar mutum.

Ina zaune a wurin nan nakan tuna cewa saura kaɗan tsuntsun nan ya ƙare a jihar. A farkon shekarun 1950 bai kai 2,500 ba. An gwada sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a keji, ba su rayu ba. Sai daga 1954 hukumar kula da namun dawa ta koma kama na daji da raga da ake harbawa, daga wurare irin su dajin Peck Ranch, tana kai su wasu yankuna, har zuwa 1979. A 1960 aka sake buɗe farauta. Shi ya sa ba na jin nauyin dokar nan ta tsuntsu biyu a wannan lokacin farauta, ɗaya tak a makon farko, da kai rahoto kafin ƙarfe 10 na daren ranar da ka harba.

Yau da safe na yi duk abin da ya kamata. Na zauna a leɓen tudu, na kira sau biyu, na yi shiru, na tona ganye da hannu kamar mace na kiwo. Ƙarfe goma saura sai ga samari uku, 'yan bara, gemunsu bai fi ɗan yatsa ba, gashin tsakiyar wutsiyarsu ya ɗara sauran tsawo. Doka ta halatta su, ni kuma ba ni da girman kan da zan ce sai babba. Suka shigo yadi 25. Bindiga na kafaɗa, bismilla na bakina, wuƙar yanka na aljihun dama inda zan zaro ta da gudu in na same shi da sauran rai. Sai dai kawunansu a haɗe suke kamar masu gulma, in na harbi ɗaya sai na kwashe biyu. Na jira su rabu. Ba su rabu ba, haka suka gangara kwari a jere, ina bin su da bakin bindiga har hannuna ya fara rawa.

Laraba na ɗauki hutu, zan koma tudun nan. Kafin nan ina fama da ɗan abin kiran da ake mannawa a ganɗa, mai siririyar roba, don shi ne ke barin hannu biyu a kan bindiga. A mota nake gwadawa tun da uwargida ta hana a gida, kuma har yanzu kukan agwagwa yake fitowa. Wanda a cikinku ya iya shi, ya gaya mini: kuna rage gefensa da almakashi, ko haka kuke barinsa har baki ya saba?