Kwana 29 da suka kusa raba ni da zaman Kanada

Har yau idan na tuna ranar da na tsaya a filin jirgin Abuja, akwatuna biyu a gabana, wata ma'aikaciya tana jujjuya katina na izinin zaman dindindin a Kanada a hannunta, sai in ji gabana ya faɗi. "Yallaɓai, wannan katin ai tun Afrilu ya mutu," ta ce. Na ce na sani, idan na isa zan sabunta. Ta girgiza kai. Ba kati mai rai, ba takardar tafiya, ba hawa jirgi. Haka na ja kayana na koma Zariya, tikiti ya tafi a banza.

Asarar tikitin ma da sauƙi. Abin da ya kusa kayar da ni lissafi ne, kuma ni na yi shi da kaina.

Na sauka birnin Kalgari na Kanada a watan Janairun 2018. Kowa ya san dokar riƙe matsayin mazaunin dindindin: kwana 730 a cikin ƙasar cikin shekara biyar. Na zauna har farkon Maris na 2020, shekara biyu da ɗoriya, na ce shi ke nan, na biya bashi, sauran ukun nawa ne. Na zo gida duba Baba, korona ta rufe filayen jirgi, ba a buɗe na ƙasa da ƙasa ba sai Satumba. Allah Ya yi wa Baba rasuwa, ga rabon gado, ga gona, ga ƙanne. Ban koma ba sai Nuwamban 2022, kuma na shiga lafiya, ba wanda ya tsare ni da tambaya. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwar banza. A Fabrairun 2023 jikin Hajiya ya tashi, na sake tahowa ba tare da na tura takardar sabunta kati ba, ina cewa ai kwanakina suna ajiye.

Ashe kwanakin ba sa ajiyuwa. Da zarar ka wuce shekara biyar ɗin farko, daga ranar da ka nemi wani abu ake juyawa baya a ƙirga shekara biyar. Duk garin da ya waye ina Zariya, kwana ɗaya na 2018 yana zubewa ta baya, ba wanda ke maye gurbinsa ta gaba. Ina zaune a bakin gadon asibiti, guzurina yana yoyo ban sani ba.

Sai da na zauna cike fom ɗin neman takardar tafiya, wadda ake kira PRTD, na gane. Fom ɗin yana so ka jera duk fitar da ka yi, rana da wata. Kanada ba ta buga hatimin fita a fasfo, don haka na koma tonon tsofaffin tikitoci a imel, na sa aka nemo tsohon fasfona a ƙasan wata adaka. Na ƙirga daga Yulin 2018 zuwa Yulin 2023, na samu 701. Na sake ƙirgawa har sau uku. Ko ranar tashi da ranar sauka, da kowacce ake lissafa ta cikakken kwana, na saka su, bai kai ba. Saura 29. Da na ƙara wata ɗaya kacal a Kalgari kafin in taho, da babu wannan labari.

Wani abokina da ke Bronx a birnin New York ya daɗe yana ce mini, "Kai dai ka riƙa leƙawa duk wata shida." Wannan tunanin mutanen Amurka ne, inda ake duba tsawon kowace tafiya. Kanada jimillar kwanaki take dubawa, leƙe ba ya ƙara maka komai sai kwanakin da ka yi. Akwai waɗanda ake ƙirga musu zaman waje, kamar mai rakiyar miji ko mata ɗan ƙasa, ko wanda kamfanin Kanada ya tura aiki. Ni ba ko ɗaya.

Abin takaicin, mutuwar kati ba ta kashe matsayin mutum. Da ina cikin ƙasar, sai in zauna abina har kwanakin su cika, sannan in nema. Amma neman takarda daga waje kai kanka ne gaban jami'in da zai yanke hukunci, in ya ƙi, kwana 60 gare ka ka ɗaukaka ƙara, in ba ka yi ba matsayin ya tafi.

Ƙofa ɗaya ta rage, ta jinƙai, wato in roƙi jami'in ya duba uzurina. Na faɗi gaskiya cewa kwanakina ba su cika ba, ban yi ƙoƙarin murɗe ko rana ɗaya ba. Na haɗa takardar rasuwar Baba, rahoton likitan Hajiya, rasit ɗin asibiti, takardun harajin da na biya a can, da wasiƙa mai bayanin cewa ni ne babba a gidan. Kuɗin neman dalar Kanada 50 ne kawai, har abin ya ba ni dariya idan na tuna abin da tikiti ya ci. Mako bakwai ina duba waya kafin sallar asuba. Hajiya kullum sai ta ce, "Babangida, ni na ja maka wannan." In ce, "A'a Hajiya, rashin iya lissafina ne."

Aka ba ni. Na koma a Satumba, kati ya iso ta gidan waya bayan wani lokaci. Yanzu akwai ɗan littafi a aljihun jakata, duk tsallaka iyaka sai na rubuta, ko da wuni ɗaya ne. An ɗaura auren ƙanwata ina Kalgari, ta waya na yi Allah sanya alheri. Ba inda za ni sai na tara kwana 1,095 na neman zama ɗan ƙasa, kuma wannan karon daga yau nake ƙirgawa in yi baya.