Zagaya Abuja da baƙi a yini ɗaya: daga masar safe zuwa kifin bariki

Mai kai baƙi yawon buɗe ido a Abuja yana da matsalar da takwaransa na Kano ba shi da ita. A Kano sai ka ajiye mota a Ƙofar Mata, ka nuna marina, ka taka zuwa Gidan Makama da fadar Sarki, ka gangara Kurmi, duk a ƙafa. Abuja ba ta da irin wannan tsohon gari a cikinta, domin a takarda aka fara zana ta. Janar Murtala Muhammad ne ya sanar da kafa ta ranar 3 ga Fabrairun 1976, gwamnati kuma ba ta tare ba sai 12 ga Disambar 1991, zamanin Babangida. Abin da ya tsufa yana gefe-gefe: Suleja, Ushafa, Kwali, da ƙauyukan Gbagyi da birni ya haɗiye irin su Garki. Tsakanin kowane wuri biyu akwai tafiyar mota, shi ya sa yawancin masu shirya zagayen ke ƙarewa da baƙi a gajiye, an ga gine-gine ta taga, an ci shinkafa a gidan abincin da ba shi da bambanci da na ko'ina.

Abu biyu ne ya kamata su tsara maka yinin: inda cunkoson motoci ke fuskanta, da lokacin da kowane abinci ke kan ganiyarsa. Da safe duk motoci cikin gari suke kwararowa, daga Zuba da Kubwa, daga Lugbe, daga Nyanya da Mararaba. Da yamma su juya. To kai sai ka yi akasin haka: ka fita bayan gari da sassafe lokacin da hannunka na titi yake fayau, ka dawo ciki wajen azahar, ka ƙare yinin a tsakiya. Abinci ma haka yake tafiya, masa da safe, tuwo da rana, kilishi bayan la'asar, kifi da dare.

Game da mota, mutum shida a Sienna ko goma sha biyu a bas ƙirar Hiace shi ne iyakar abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa. In sun haura haka, nemi mataimaki, in ba haka ba rabin lokacinka zai tafi wajen ƙirga kawuna. Kada ka cika kujeru. Bar ɗaya ko biyu saboda tukwane da ledojin tsaraba. Ruwan gora lita biyu ga kowane mutum, uku in a watan Maris ne ko Afrilu, a cikin kula mai ƙanƙara. Asabar ta fi sauƙin hanya. Juma'a tana da kyau in baƙin suna son sallah a Babban Masallacin Ƙasa, amma ka sani titunan da ke kewaye da shi sukan toshe tun wajen ƙarfe ɗaya, sai ka ware awa biyu cur don wannan kaɗai. Da damina kuma ruwa ya fi saukowa da yamma, don haka abin da ake yi a fili a gama shi da wuri.

A taru ƙarfe shida da rabi, a fara da masa. Je wurin mai masar kwana ɗaya kafin nan, ka gaya mata adadinku da lokacin isowarku, ka ba da kafin alƙalami. Guda huɗu zuwa biyar ga babban mutum sun isa, akwai ci a gaba. Ka tsaya a kan tanda a zuba muku wadda ake kwashewa yanzu, gefenta ya yi ja ya ɗan ƙandare, cikinta fari mai ramuka. Wadda aka tara a kwano aka rufe takan yi gumi ta saki, ba ita ce za ka gabatar wa baƙo ba. A sa miyar taushe a kwano daban, yaji daban, zuma ko sukari ga yara. Tun a nan ka tambayi kowa ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi, domin daga taushen har yajin tsire har kilishi duk akwai ta a ciki.

Daga nan sai babban titin Kubwa zuwa Zuba, a ɗauki hanyar Kaduna. Dutsen Zuma zai taso muku a gaba kusa da Madalla. Yana cikin jihar Neja ne, ba cikin Babban Birnin Tarayya ba, ka faɗa musu haka tun kafin wani ya gyara maka. Kada direba ya tsaya a kafaɗar titi, tireloli da tankokin mai ba sa ragawa a wurin. A sauka daga kwalta sosai, kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon hanya. A watan Disamba da Janairu hazo kan dusashe dutsen har fuskar nan da ake nunawa a jikinsa ta ƙi fitowa a hoto, sai ka rage musu buri tun a mota.

Ka riƙe takardun kuɗi biyu a aljihu, sun fi kowane dogon bayani aiki. Naira 100, wadda aka saba da ita kafin ta tunawa da cikar Najeriya shekara ɗari da aka fitar a 2014, tana da Dutsen Zuma a bayanta. Naira 20 kuwa Murtala ne a gaba, Ladi Kwali a baya tana ginin tukunya. Wanda ya kafa birnin da matar da ta fito da sunan yankin a duniya, a takarda ɗaya. Miƙa musu ta zagaya hannu-hannu yayin da kuke shiga Suleja.

A nan ne ainihin tarihin yake, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Suleja ita ce Abuja ta asali. Bayan jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa garin a 1828, sunansa ya bi garin. Da aka zo gina sabon babban birni sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Shi ya sa har yau sarautar ake kiranta Sarkin Zazzau Suleja. Baƙo ɗan Zariya yakan yi shiru in ya ji wannan, daga nan kuma tambayoyi su ɓarke.

Fada ba wurin da ake faɗawa da bas cike da mutane ba ne. A aika takarda ko a je da kai mako guda kafin ranar, a nemi wanda zai karɓe ku. A cire takalma inda aka ce a cire, mata su yafa mayafi, kada a ɗaga waya sai an yi izini, kuma tukwicin dogarai da wanda ya zagaya da ku ya kasance a ambulan tun daga gida, kada a tsaya ana lalube a aljihu a gaban mutane. A garin ne kuma Bature Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta rasu a 1984. Tura wani ya leƙa cibiyar kwana biyu kafin zuwanku ya tabbatar za a sami mai aiki a ranar. Baƙi ba sa yafe a kai su gaban ƙofa a kulle.

In ana son ganin hannu a cikin yumɓu, Ushafa ce, ta hanyar Dutse zuwa Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a Agustan 2000, mutanen wurin kuma ba su manta ba. Ana iya haɗa ta da Suleja a safiya ɗaya, amma in akwai tsofaffi ko ƙananan yara a zaɓi ɗaya. Abin kallon shi ne mace ta ajiye curin yumɓu, ita ce ke zagaya shi da baya-baya tana jan bangon tukunyar sama da tafin hannu, babu injin juyawa, sannan ta zana ƙadangare ko kifi ko kunama a jiki. Ku daidaita abin da za a ba su da shugabar matan kafin a fara, a kuma nemi izinin hoto. Ka ce Gbagyi, kada ka ce Gwari. Sunan da suke kiran kansu ke nan. Wajen sayen tukunya a ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa: mai lafiya tana amsawa da ƙara siririya, mai tsaga a ɓoye sai ta yi bif. A naɗe da jarida a sa a kwali, a ajiye kan kujerar da ka bari. Wadda aka jefa a but ba ta kai Kubwa.

Ku shigo gari wajen azahar. Masallacin Ƙasa, mai ƙubba ruwan zinare da hasumiya huɗu, an gina shi a 1984. Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da ke can gaba kaɗan an kammala ta a 2005. Baƙin da ba Musulmi ba a nema musu izini a shiga da su tsakanin salloli, da sutura mai rufe jiki. Yankin Three Arms Zone, inda Majalisa da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa suke a gindin Dutsen Aso, daga mota ake kallonsa, waya a ƙasa. Ka maimaita wannan sau biyu. Mutum ɗaya ya ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro zai iya cinye muku awa guda. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa a bar shi a gida.

Abin da za ka cike shirun mota da shi shi ne sunayen tituna. Yawancin na Maitama sunayen koguna ne, na Asokoro shugabannin Afirka irin su Nkrumah da Nyerere da Mandela, na shiyyoyin Wuse biranen Afirka, na Garki garuruwan Najeriya. Tsarin tsakiyar birnin kuma ɗan Japan ne, Kenzo Tange, ya zana shi.

Abincin rana kada ya yi nauyi. Wanda ya tashi da malmala biyu ta tuwo da man shanu barci zai yi har magariba. Kira gidan abincin tun kuna Zuba, ka sa a haɗa kala uku ko huɗu a tsakiya, tuwon shinkafa da kuka, sakwara da agushi, dambu, kowa ya ɗiba a ƙaramin faranti, malmala ɗaya ga mutum biyu. Fura da nono tana da daɗi a wannan zafin, sai dai abin da ke ɓata cikin baƙo yawanci ƙanƙarar da aka jefa a ciki ce da ruwan da aka dama da shi. A sayi kindirmo da fura, a dama da ruwan gorarku mai sanyi. Daga biyu zuwa huɗu a nemi inuwa, ko a Millennium Park da Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, ko a Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Kasuwar Wuse sai in sun matsa. In za a shiga, a kasu huɗu-huɗu, a sa ƙofar haɗuwa da lokaci, a riƙe tsabar kuɗi ƙanana domin tiransifa takan maƙale.

Bayan la'asar sai Area 1 wurin 'yan kilishi. Za su yi muku caa, kowa da ɗanɗano a hannu, don haka ka riga ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Ɗaga fallen ka duba: mai kyau siriri ne, haske na ɗan ratsa shi, yana karyewa ba tare da ya yi ta jan zare ba, labun ya kama naman bai zube a hannu ba. Mai kauri da laushi bai gama bushewa ba, nauyin ruwa za a saya, kuma zai yi fumfuna a hanya. Wanda ke warin tsohon mai ya kwana biyu. A ɗanɗana daga ainihin fallen da za a yanka, a tambayi mai yaji da marar yaji. In an ɗumama shi a wuta a bar shi ya huce kafin a naɗe, takarda a ciki, leda a waje. Wata magana ga mai jagora: in kana karɓar la'ada daga mai kilishi, baƙi sukan gane daga farashin teburin da ke kusa. Gara ka sa ladanka a fili cikin kuɗin zagayen, tare da mota da mai da abincin direba da kuɗin shiga da tukwici, ka ɗora kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana, ka karɓa kafin ranar.

Kifin dare a kasuwar Mami ta barikin Mogadishu, wanda aka fi sani da barikin Abacha, yana kan hanyar Nyanya ne, wato daidai inda cunkoson yamma ya fi tsanani. Ko ku isa kafin biyar, ko ku yi magariba da isha'i a gari ku taho bayan takwas. Bariki ne, kowa ya riƙe katin shaida, a bi umarnin masu gadi. Ka kuma gaya wa baƙinka tun da rana cewa ana sayar da giya a wurin. Wanda bai so ba, a kai shi wurin mai tsire da balangu, ko a naɗo masa kifin. A zaɓi kifi da ido, tarwaɗa ko karfasa, a gama ciniki kafin ya hau wuta, a faɗi yawan barkonon da ake so. Babba ɗaya yana isar mutum biyu zuwa uku, gashinsa kuma yakan ci minti talatin zuwa arba'in, in an gaggauta sai waje ya ƙone ƙashin baya na jini. Tsaga wurin da ya fi kauri ka duba kafin a raba.

In an tashi, direbanku ya sauke kowa a ƙofar masaukinsa. Kada ka bar baƙo a bakin titi ya tari tasin da ba ta da fenti, saboda 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ko da ya ce masaukin nasa nan kusa ne.