Taura biyu a baki ɗaya: yadda na yi digirin walwalar jama'a ina bakin aiki a Ingila

Shekara shida na yi ina mataimakiya a sashen kula da manya na wata ƙaramar hukuma a arewacin Ingila. Ni ke shiga gidajen tsofaffi, ni ke zama in ji kukansu, ni ke cike takardu. Amma da zarar magana ta yi nauyi, kamar a ce ana zargin ɗa yana wawure kuɗin uwarsa, sai a karɓe fayil ɗin daga hannuna a miƙa wa mai lasisi. A ƙasar nan sunan ma'aikacin walwalar jama'a suna ne da doka ta killace. Laifi ne ka kira kanka da shi in ba ka cikin rajistar Social Work England, hukumar da ta karɓi ragamar sa ido kan aikin a watan Disamba na 2019, kuma ba ka shiga rajistar sai da digirin da ta amince da shi.

Digirin nan shi ya tsaya mini a wuya. Kuɗin jami'a a lokacin fam 9,250 ne a shekara, ga yara uku, ga haya. Ajiye aiki in koma aji bai ma taso ba.

Sai ga wata ƙofa. Tun watan Afrilu na 2017 gwamnati ta ɗora wa manyan ma'aikatu harajin koyar da sana'a: duk wadda albashin ma'aikatanta ya haura fam miliyan 3 a shekara tana zuba kashi 0.5 cikin 100, kuma hanyar da za ta ci moriyar kuɗin ita ce ta horar da mutane da su. Ƙananan hukumomi ga su da ƙarancin ma'aikatan walwala, ga kuɗi ajiye, sai suka fara tura irinmu jami'a. Albashinka na tafiya, ba ka biyan ko kwabo na karatu, bayan shekara uku ka fito da digiri iri ɗaya da na wanda ya zauna a aji. Ranar da na karanta sanarwar a imel ɗin ofis sai da na maimaita ta sau uku, ina neman inda tarkon yake.

Na nema karon farko ban samu ba. Lissafi ne ya kayar da ni, domin a lokacin ana son shaidar Turanci da lissafi daidai da matakin kammala sakandare, ni kuwa tun ina 'yar makaranta ba ma ga maciji da shi. Na koma ajin yamma, ina zaune da yaran da na isa haifarsu, na ci jarrabawar. A karo na biyu na tsallake tantancewar ofis, na tsallake ta jami'a, aka sake binciken ko ina da tarihin laifi, sannan a watan Satumba na 2021 na fara.

Tarkon da nake nema kuwa yana nan, sai dai ba a takarda yake ba. A rubuce, kashi 20 cikin 100 na lokacin aikina na karatu ne, wato kwana ɗaya a mako. A zahiri mutanen da ke hannuna ba su ragu ba ko da mutum ɗaya. Ranar Laraba ina cikin lacca waya na ta girgiza a jaka, ranar Alhamis in tarar da aikin Laraba yana jira na, ya ƙara da na Alhamis. Shugabata ba muguwa ba ce, ita ma wuta ce a kanta, amma wata uku na yi ina haɗiye abin saboda kara. Gani nake wanda ya biya maka karatu ba ka ɗaga masa murya. Sai da na faɗi aikin gida na biyu, maki biyu kacal ya rage in haye, sannan na buɗe baki a zaman da ake yi tsakanina da ita da malamin jami'a duk bayan 'yan watanni. Na ajiye musu takardar da nake rubuta sa'o'ina a kai. Nan take aka cire mini mutum biyar. Da na san haka maganar take da sauƙi da ban kai wata uku ba. Duk wanda zai shiga wannan tsari, ya sa a rubuta masa yawan fayilolin da zai riƙe tun kafin ya sa hannu.

Dokoki ban sha wuyarsu ba, mu da muka taso da hadda. Abin da ya ba ni wahala shi ne rubutun waiwaye, inda ake so ka ɗauki wani abu da ya faru a wurin aiki ka bayyana abin da ka ji a ranka, da dalilin jin, da yadda tarbiyyarka ta sa ka ga abin yadda ka gan shi. Ni da aka rene ni a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yanzu an ce in zazzage cikina a kalma 2,000 wani Bature ya ba ni maki. Na farkon da na rubuta, malamin ya mayar mini da shi da layi ɗaya a ƙasa: ya ga abin da kowa ya yi a labarin, ban da ni.

Kafin a ba ka digirin sai ka cika kwana 200 na koyo a aikace: 30 na horon dabaru, 70 a wuri na farko, 100 a na ƙarshe, kuma dole wuraren biyu su bambanta. Tunda ni 'yar sashen manya ce, kwana 70 ɗina a sashen yara na yi su, suka faɗo cikin azumin 2023. Bayan sahur nake rubutu har gari ya waye, in shirya yara, in kama hanya. A can na koyi bambancin sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989, wanda ya shafi yaron da iyalinsa ke buƙatar tallafi, da sashe na 47, wanda ke tilasta bincike idan ana zargin ana cutar da yaro sosai. A can kuma na lura duk lokacin da fayil ɗin wani iyali baƙar fata ya zo, sai idanu su juyo kaina, wai ko haka al'adarku take? Kamar Afirka unguwa ɗaya ce. Da farko har daɗi nake ji ana tambayata. Sai muka karanta rahoton Lord Laming na 2003 kan Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 daga Kwaddebuwa da ta rasu a Landan a watan Fabrairu na 2000 a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayin matar. Cikin abubuwan da binciken ya tono har da cewa an ga yadda yarinyar ke ƙamewa a gaban matar, aka ɗauka ladabi ne irin na gidajen baƙar fata. Daga ranar na daina amsa tambayar da ka. Sai in ce mu je mu ga yaron.

Amma abin da ya sauya ni a kwana 100 na ƙarshe ya faru, cikin hunturun da ya shiga 2024, a tawagar da ke shirya sallamar marasa lafiya daga asibiti.

Wata tsohuwa ce mai shekara 86, ta faɗo daga matakalar bene ta karya ƙugu. An yi mata aiki, ta fara takawa da ƙarfen dogarawa, ta ce gida za ta koma. 'Yarta, wadda ita ma ta haura sittin, ta ce sam, gidan kula da tsofaffi za a kai ta. Na je na ga gidan. Bene ne siriri, matakala goma sha uku a tsaye kamar tsani, banɗaki a sama, kicin a ƙasa, ga wata kyanwa mai ƙiba da ke son kwanciya a mataki na uku. Ina fitowa na riga na yanke hukunci a raina. A wurinmu tsohuwa irin wannan ba a ma tambayarta, ɗaukarta ake yi a kai ta ɗakin da za a riƙa ganinta, in ta yi gardama a ce rigimar tsufa ce. Kuma wallahi da ƙauna ake yi.

Ranar da malamata ta wurin aiki ta zo duba yadda nake gudanar da zama, mun zauna mu huɗu a gefen gadon asibiti. Na yi minti arba'in ina magana, na fito ina jin na burge. A cikin mota ta tambaye ni sau nawa na kalli tsohuwar, sau nawa na kalli 'yar. Na yi shiru. Ta buɗe bayanin da na rubuta a fayil, inda na ce matar ba ta fahimci haɗarin da take ciki ba, ta ce in nuna mata hujja. Na ce ai ta nace sai ta koma gidan da ya kusa kashe ta. Ta ce wannan hujjar cewa ba ta yarda da ni ba ce, ita hujjar rashin fahimta take nema.

Kunya ta rufe ni, domin dokar na haddace ta, har na ci jarrabawa a kanta. Dokar 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara ta tsaya a kan ƙa'idoji biyar. Ta farko, a ɗauka mutum yana da wannan iko har sai an tabbatar ba shi da shi. Ta uku, ba a cewa mutum ya rasa ikon don kawai ya zaɓi abin da wasu ke gani wauta ne. Gwajin kansa abu huɗu ne: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi gwargwadon lokacin yanke shawarar, ya auna shi, ya iya faɗin abin da ya zaɓa. Ni ban gwada ko ɗaya ba. Na ga furfura da karaya, na ji muryar 'yar da ta gaji, na cike sauran da tarbiyyata.

Washegari na koma ni kaɗai, na ja labule, na zauna a kujerar da ta fi gadon ƙasa. Na tambaye ta me take ganin zai faru in ta koma gida. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, 'yata, zan iya sake faɗuwa, in na faɗi da dare zan iya kwana a ƙasa, a shekaruna kuma karaya ta biyu ba kowa ke tashi ba. Ta lissafa su tiryan-tiryan, har da wanda ban yi tunaninsa ba, wai tana iya mantawa da tukunya a wuta. Sannan ta ce shekara 54 ke nan tana gidan, a ɗakin gaba mijinta ya cika, kuma ta fi son wata shida a can da shekara biyar a inda za a riƙa gaya mata lokacin shan shayi. Ta san ma cewa tunda dukiyarta ta haura fam 23,250, ita za ta biya kuɗin gidan tsofaffin, ƙarshenta a sayar da gidan.

Babu abin da ya rage in gwada. Na goge abin da na rubuta, na rubuta gaskiya, na kuma rubuta cewa bayanin farko kuskurena ne.

Daga nan aikin ya koma yadda za a rage haɗarin ba tare da an ƙwace mata zaɓinta ba. Mai duba yanayin gida ta sa aka sauko da gado falo, aka kawo kujerar bayan gida, aka kafa ƙarfen riƙewa a bango. Aka rataya mata maɓallin kiran agaji a wuya, aka maƙala akwatin makulli a bakin ƙofa. Masu taimako suka riƙa zuwa sau huɗu a rana a ƙarƙashin shirin farfaɗowa da ake yi kyauta har zuwa mako shida. Ita kuma 'yar na gaya mata Dokar Kulawa ta 2014 ta ba ta haƙƙin a duba nata buƙatun a matsayin mai ɗawainiya. Ta ce ba ta so. Ta ce in uwarta ta mutu a ƙasan benen nan, sunana za ta fara kira. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kira Hajiyarmu a waya na ba ta labarin a dunƙule, ba suna ba gari, ta ce, ke yanzu aka ba ki amanar tsohuwa kika mayar da ita gida ita kaɗai? Wane irin karatu ne wannan? Ban iya ba ta amsar da ta gamsar da ita ba, har yau kuwa.

Rubutun waiwayen da na yi a kan wannan shi ne mafi yawan makin da na samu a shekara ukun. Na gama a bazarar 2024, sunana ya shiga rajista, na fara shekarar farko ta sababbin ma'aikata wadda ake rage maka fayiloli ana kuma bin sawunka. Albashi ya ɗan ɗaga. Ba ni da bashin karatu ko na fam ɗaya. Abin da na biya da shi shi ne Asabar da Lahadi na shekara uku, da bukukuwan makarantar yara da maigida ya riƙa zuwa shi kaɗai.

Tsohuwar ta sake faɗuwa a watan Afrilu, a kicin, tana miƙa hannu za ta ɗauko abincin kyanwa. Ta danna maɓallin wuyanta, motar asibiti ta zo, ba ta karye ba, bayan kwana huɗu ta koma gida. A lokacin fayil ɗin ya bar hannuna, a bakin abokiyar aiki na ji. 'Yar kuwa mun haɗu sau ɗaya a layin biyan kuɗi na wani kanti. Na gaishe ta, ta dube ni, ta gane ni sarai, ta juya ta ci gaba da jera kayanta.