Wasiƙa daga Niyok: masu awon ƙoƙon kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fata kowa lafiya.

Ranar Asabar na kai yarana gidan namun daji na unguwar Buronks. Suna ta shewa gaban birai, ni kuwa jikina ya yi sanyi. A wannan gida ne, cikin Satumbar 1906, aka ajiye wani mutumin Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai, jama'a na tururuwar kallonsa. Sai da limaman coci baƙar fata suka tsaya tsayin daka aka fitar da shi. Bayan shekara 10 ya kashe kansa.

Abin da ya fi ci mini rai, da sunan ilimi aka yi haka. Masu nazarin ɗan Adam na lokacin awon ƙoƙon kai suke yi, su jera jinsuna hawa-hawa, Bature a sama, mu a ƙasa.

Amma a shekarar 1906 ɗin dai, Franz Boas, Bajamushe malami a Jami'ar Kolambiya, ya je Atlanta bisa gayyatar Du Bois, masani baƙar fata mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe, ya ba ɗalibai baƙar fata tarihin daulolin Afirka ta kudu da Sahara. Daga baya ya auna baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka da 'ya'yansu, mutum sama da 17,000. Sai ga shi surar kan yaran da aka haifa a nan ta bambanta da ta iyayensu. Ashe muhalli na da hannu a abin da ake cewa jini ne tsantsa. Da makamin masu awon ƙoƙon kai ya kayar da su.

Ɗalibarsa Margaret Mead ta kai maganar kan mace da namiji. A 1935 ta kwatanta al'ummu uku na Niyu Gini, ta ce halin da ake kira na mata ko na maza tarbiyya ke sassaƙa shi. An yi jayayya da wasu bayananta, amma ta buɗe ƙofar.

Mu ma wannan sabuwar hanyar nazari ta biyo ta kanmu. A 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna gaban wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa: aure da kishi, goyo, kunyar ɗan fari, bori, bauta, zuwan Turawa. Cikin gida ta shiga, inda mijinta mai bincike ba shi da ikon taka ƙafa. Babu ma'auni a hannunta, tsohuwa ke magana, Baturiya na saurare. Daren jiya na karanta wa 'yata shafi biyu na littafin da ya fito daga wannan hira, ta ce kamar Kaka ce ke hira.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Niyok.