Ranar da allurata ta kayar da majinyaci

Hausa ta tara mana abubuwa uku a kalma ɗaya, jijiya: mai ɗaukar jini, mai ɗaure ƙashi da ƙashi, da mai kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa. A tiyatar gyaran ACL, jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, likitan ƙashi yana fama da ta biyu. Ni mai kashe zafi ta uku nake nema, ina kaffa-kaffa da ta farko.

Shekaruna na farko jijiyar femoral nake kashewa, can saman cinya inda ta haɗu da mara. Tana aiki kuwa, majinyaci ya farfaɗo yana murmushi. Sai wani saurayi ɗan ƙwallo da muka yi wa aiki da safe. Da yamma ya ji ba zafi ko kaɗan, ya sauko gado zai shiga bayi, bai ɗauki sanda ba. Gwiwar ta lanƙwashe, ya zube ƙasa. Da na iso ya ce, "Likita, ƙafar ce ta ƙi ni." Allah ya tsare, dashen, wato sabuwar jijiyar da aka dasa masa a madadin ACL ɗin, bai tsinke ba. Laifin nawa ne: femoral ɗin ita ce ke motsa tsokar gaban cinya mai miƙe gwiwa, na kashe zafi da ƙarfi tare, ban kuma gargaɗe shi yadda ya kamata ba.

Daga nan na koma kwararon adductor, a tsakiyar cinya ta gefen ciki. Kana ɗora kan na'urar sikanin, za ka ga tsokar sartorius kwance kamar kwalekwale, ƙarƙashinta jijiyar jini tana bugawa, baƙa wuluk. A gefenta akwai wani ɗan farin ɗigo, shi ne saphenous, reshen femoral da aikinsa ji ne kawai. Nakan tura allurar ina ganin tsininta a allo, in ja sirinji baya tukuna ko jini zai biyo, sannan in zuba mililita 5, in dakata, in sake ja. Jimla mililita 15 na maganin kashe zafi bupivacaine mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari. Idan maganin ya zagaye jijiyar jinin yana ture tsokar sama, na san ya zauna. Kuma ba na soma wa kowa sai na ga robar ruwan kitse mai kashi 20 a kusa, don bupivacaine in ya shiga jini zuciya yake nufa, ruwan kitsen nan kuwa shi ne makarinsa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya, don tambaya ɗaya ce ta gagare ni: daga ina za a yanko dashen? Idan daga jijiyar ƙoƙon gwiwa ne, zafin gaba yake. Idan daga tsokar bayan cinya ne, allurar adductor ba ta kai can sosai. Wata mata da aka yanko nata daga bayan cinya ta kwana kuka, ni ina ta duba gaban gwiwa. Yanzu nakan ƙara iPACK, wato zuba maganin tsakanin jijiyar jinin bayan gwiwa da rufin gaɓar, ko in roƙi likitan ƙashi ya zuba shi da allura inda ya yanka.

Saura tsakar dare, lokacin da allurar kan sake, zafi ya dawo gaba ɗaya. Kafin sallama nakan ce wa kowa ya sha farasitamol da maganin kumburi tun ƙafar tana mace, ya kuma jingine sandarsa inda hannu zai kai daga kan gado.